Maƙabartun Katolika: Daga Ramukan Birnin Rum Zuwa Bayan Garinmu

Duk wanda ya taɓa aiki a gidan rediyo ya san takardun sanarwar rasuwa. Da safe suke zuwa, wasu da rubutun hannu, wasu an buga da na'ura. Ta Musulmi gajeriya ce: wane ya rasu daren jiya, za a yi jana'iza ƙarfe goma a ƙofar gidansa. Kafin a maimaita ta da rana an riga an dawo daga maƙabarta. Ta maƙwabtanmu 'yan ɗarikar Katolika kuwa da jadawali take zuwa: ranar kaza za a kwana ana addu'a a gida, washegari a kai gawa coci, daga nan a wuce maƙabartar Kirista. Na sha karanta irin waɗannan takardu, har wata rana wani mai sauraro ya bugo waya yana tambaya: me ya sa mutanen nan suke da maƙabarta tasu daban, kuma me suke zuwa yi cikinta a farkon watan Nuwamba da tsintsiya da fenti da kyandir?

Tambayar ce ta sa na shiga bin tarihin. Abin da na tarar shi ne, cocin Katolika ta mallaki maƙabarta tun kafin ta mallaki manyan gine-ginen ibada, kuma dalilin farko na mallakar shi ne kada a jefa gawar talaka da bawa a rami kamar shara. Tarihin maƙabartun nan, daga farkonsa har yau, labari ne na yadda aka riƙe wannan alƙawari, da yadda a wasu lokuta aka sake shi.

Mutuwa a tsohon birnin Rum

Tun wajen shekara 450 kafin haihuwar Almasihu, dokar Rumawa ta hana binne gawa ko ƙona ta a cikin birni. Shi ya sa kaburburan masu hali suka yi layi a gefen manyan hanyoyin da ke fita daga gari, musamman hanyar da ake kira Appia. Mai kuɗi yakan gina wa kansa kabari kamar gida, da sunansa da muƙamansa a jikin dutse, don matafiya su karanta. A ƙarni na farko bayan haihuwar Almasihu, yawancin Rumawa ƙona gawa suke yi, su zuba tokar a tulu.

Talaka fa? Idan yana da ɗan abin hannu, sai ya shiga ƙungiyar jana'iza, wadda ta yi kama da adashinmu. An gano dokokin irin wannan ƙungiya rubuce a kan dutse a garin Lanuvium, kusa da Rum, na shekara ta 136. Mai shiga zai biya kuɗin shiga da tulun giya mai kyau, sannan ya riƙa zubi kowane wata. Ranar da ya mutu ƙungiya ta fitar da kuɗin binne shi. Wanda ya daina zubi na wasu watanni ya rasa haƙƙinsa. Wanda ba shi da ko na zubin, kamar bawan da ubangidansa ya yar da shi ko baƙon da ba a san danginsa ba, makomarsa manyan ramuka ne a bayan ganuwa inda ake zuba gawarwaki kan gawarwaki.

A cikin wannan duniya ce Kiristocin farko suka tashi, kuma da yawansu talakawa ne da bayi. Sun gaji al'adar binnewa daga Yahudawa, sun kuma dogara da aƙidarsu cewa Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, an sa shi a kabari sannan ya tashi, kuma matattu duka za su tashi da jikkunansu. Idan jiki zai tashi, to ba abin wulaƙantawa ba ne. Har sunan wurin suka canza. Girkawa kan ce wa wurin kaburbura birnin matattu, su kuwa Kiristoci suka ɗauki kalmar Girkanci koimeterion, wato ɗakin kwana. Daga ita ce kalmar Faransanci cimetière ta fito, wadda muke gani a allunan ma'aikatar magajin gari. Sa gawa a kabari kuma suka kira shi da kalmar Latin depositio, ma'ana ajiya, irin wadda ake ba mutum amana a dawo a karɓa.

Maƙiyansu sun gane muhimmancin abin. A shekara ta 177, da aka kashe wasu Kiristoci a birnin Lyon na Faransa ta yau, an hana 'yan uwansu ɗaukar gawarwakin, aka bar su kwana shida a fili, sannan aka ƙona su aka watsa tokar a kogin Rhone, da nufin a yi wa begensu na tashin matattu ba'a. A Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, a farkon ƙarni na 3, marubucin nan Tertuliyan ya ba da labarin taron jama'a da suka yi ta kururuwa a hana Kiristoci filayen binne matattunsu. Shi ne kuma ya bayyana cewa Kiristocin garinsa suna da asusu da kowa ke sa abin da ya sawwaƙa a wata, ana ciyar da matalauta da shi, ana binne su da shi. Bambancinsa da adashin Lanuvium shi ne, wanda bai taɓa zubi ba ma yana da rabo.

Bawan da aka ba riƙon maƙabarta

Wajen shekara ta 200, Paparoma Zefirinus ya ɗora wani mutum mai suna Kalistus a kan wata maƙabarta da ke gefen hanyar Appia. Ita ce maƙabarta ta farko da aka sani mallakar jama'ar cocin Rum gaba ɗaya, domin kafin nan a filayen iyalai masu hali ake alfarmar binne 'yan uwa. Shi Kalistus ɗin bawa ne a da. Labarin da wani abokin hamayyarsa ya rubuta ya ce ya taɓa riƙe wa ubangidansa kuɗin ajiyar mutane suka salwanta, aka hukunta shi, daga baya aka tura shi aikin haƙar ma'adinai a tsibirin Sardiniya, kafin ya sami 'yanci. Mutumin da amanar kuɗi ta taɓa kayar da shi, shi aka ba amanar matattu, kuma ya riƙe ta har ya zama Paparoma a shekara ta 217. Har yau da sunansa ake kiran wurin, ko da yake shi kansa ba a nan aka binne shi ba.

Fili a kusa da Rum tsada gare shi, saboda haka sai aka nufi ƙasa. Dutsen yankin irin na aman wuta ne, mai laushi wajen haƙa, mai ƙarfi idan ya sha iska. Mahaƙa suka riƙa sassaƙa lunguna a ƙarƙashin ƙasa, hawa kan hawa, suna fafe gurabe a jikin bango kamar kantoci. A naɗe mamaci a likkafani, a kwantar da shi a gurbinsa, a toshe da faifan yumɓu ko na dutse, a rubuta sunansa da kalmar da ke nufin yana cikin salama. Wanda danginsa ba su iya rubutu ba, sai su manna tsabar kuɗi ko guntun gilashi ko abin wasan yara a jikin danyen siminti don su gane wurin. A bangwayen aka zana kifi da kurciya da makiyayi ɗauke da tunkiya, da Annabi Yunusa yana fitowa daga cikin kifi, wanda suke ɗauka alamar fita daga kabari. Lungunan maƙabartar Kalistus sun kai kimanin kilomita 20, kuma an ƙiyasta mutum rabin miliyan aka binne a ciki, har da Paparoma 16. Irin waɗannan maƙabartu na ƙarƙashin ƙasa sun haura 40 a kewayen birnin, wasunsu na Yahudawa ne.

Akwai wani tsohon kundin tsarin coci da ake dangantawa da ƙarni na 3, wanda ya tanadi cewa kada a tsawwala kuɗi a maƙabarta, domin ta matalauta ce duka. A biya mahaƙi ladansa da kuɗin faifan rufewa kawai, mai gadi kuwa bishop ne zai ciyar da shi don kada ya ɗora wa masu zuwa nauyi. Wannan ƙa'ida ita ce ma'aunin da za a iya auna duk abin da ya biyo baya da shi.

Ana yawan cewa a waɗannan ramuka Kiristoci suke ɓuya lokacin tsanani. Masana tarihi sun nuna ba haka ba ne, domin hukuma ta san wuraren sarai. A shekara ta 257 Sarki Baleriyan ya hana Kiristoci taruwa a maƙabartunsu, kuma ranar 6 ga Agusta na 258 sojoji suka riski Paparoma Sistus na Biyu yana jagorantar ibada a maƙabarta suka kashe shi tare da wasu mataimakansa. A 260 ɗansa Galiyenus ya mayar wa bishop-bishop wuraren. Wannan mayarwa shaida ce cewa daular da ke farautar addinin ta san maƙabartun dukiyar coci ce.

Bayan da Sarki Konstantin ya ba Kiristoci 'yancin addini a 313, aikin ya fito fili. A sabon birninsa, Istanbul ta yau, an yafe wa ɗaruruwan shaguna haraji don su ɗauki nauyin masu ɗaukar makara da mahaƙa, a binne mutanen gari kyauta. Sarki Juliyan, wanda ya bar Kiristanci ya so farfaɗo da addinin gumaka, ya rubuta wa ɗaya daga cikin limaman gumakansa a 362 yana kukan cewa abin da ya fi yaɗa addinin Kiristoci shi ne kyautata wa baƙi da kula da kaburburan matattu. Shaidar maƙiyi ce, shi ya sa take da nauyi.

Amsar da ta fito daga Annaba

Da tsanani ya wuce, sai wata sabuwar ɗabi'a ta shigo. Kowa yana so a binne shi kusa da kabarin shahidi ko waliyyi, yana fatan samun albarkar maƙwabtaka. A kan irin waɗannan kaburbura aka gina manyan coci-coci, ciki har da cocin Bitrus da ke Batikan, wanda yake zaune a kan tsohuwar maƙabarta. Masu kuɗi suka fara sayen gurabe mafi kusa.

Wani bishop a Italiya mai suna Paulinus ya rasa amsar da zai ba wata gwauruwa da ta roƙi a binne ɗanta kusa da kabarin wani waliyyi. Sai ya aika da tambayar ga Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau. Wajen shekara ta 421 Agustin ya amsa da ɗan littafi a kan kula da matattu. Taƙaitaccen bayaninsa shi ne, wurin da aka binne mutum ba ya ƙara masa komai a wurin Allah, kuma wanda namun daji suka cinye ko ruwa ya tafi da shi bai yi asarar tashi ba. Hidimar jana'iza ta fi zama sanyin zuciya ga masu rai. Duk da haka bai halatta a yar da jiki ba, domin idan mutum yana girmama rigar mahaifinsa ko zobensa, jikin da mahaifin ya rayu a ciki ya fi cancanta. Amfanin kabari a wurin da ake ziyarta shi ne yana tuna wa masu rai su yi wa mamacin addu'a. Agustin ya san abin a gidansu: mahaifiyarsa Monika ta rasu a Ostiya ta Italiya a 387, nesa da kabarin da ta tanada kusa da mijinta a Afirka, kuma ta ce wa 'ya'yanta su binne ta ko'ina, su dai riƙa tunawa da ita a wurin ibada.

Har yau a kan wannan bayani koyarwar Katolika take tsaye. Maƙabarta tana da aiki uku a wurinsu: girmama jiki, tanadar wa masu rai wurin addu'a, da shaida cewa ana jiran tashi.

Lokacin da matattu suka shigo gari

A ƙarnonin da suka biyo baya, dokar Rumawa ta mutu, matattu suka shigo cikin gari. Kowane coci ya kewaye kansa da kaburbura, bishop ya keɓe filin da addu'a, aka riƙa kwantar da mamata ƙafafu na fuskantar gabas. Wajen shekara ta 1000, Odilo, shugaban gidan 'yan zuhudu na Cluny a Faransa, ya sa ranar 2 ga Nuwamba ta zama ranar yi wa dukkan matattu addu'a, kwana ɗaya bayan bikin tunawa da waliyyai na 1 ga wata. Daga gidajen zuhudu al'adar ta bazu ko'ina. Ga amsar rabin tambayar mai sauraronmu ke nan. 'Yan Katolika sun yi imani cewa akwai matattun da ke cikin wani hali na tsarkakewa kafin shiga aljanna, kuma addu'ar masu rai tana amfanar su. Shi ya sa a farkon Nuwamba suke share kaburbura, su sabunta fenti, su kunna kyandir, fada ya zaga yana yayyafa ruwa. A ƙasashe irin su Benin da Togo ranar 1 ga Nuwamba, wadda ake kira Toussaint, hutu ce ta gwamnati.

A wannan zamani ne aka jera binne matattu a cikin ayyukan jinƙai bakwai na jiki, tare da ciyar da mayunwaci, shayar da mai ƙishi, tufatar da matsiraici, saukar da baƙo, duba marar lafiya da ziyartar ɗan kurkuku. Shida daga Linjila aka ɗauko su, na bakwai daga labarin Tobit, mutumin da ke fita ya binne gawarwakin da sarki ya sa aka yar. Ƙungiyoyin sa kai suka ɗauki aikin. Ta birnin Florence, da aka kafa a 1244, 'ya'yanta kan rufe fuskokinsu don kada a san wanda ya yi alherin, kuma su suka ɗauki gawarwaki a annobar 1348. A Rum an kafa wata a ƙarni na 16 wadda aikinta shi ne bin dazuzzuka da bakin kogin Tiber tana tsinto gawarwakin da ba su da mai su. A 1614 kuma littafin tsarin ibada na cocin Rum ya wajabta wa kowane fada ya riƙe rajistar waɗanda suka mutu a yankinsa. Albarkacin wannan rajista, yau Bature kan iya gano ranar da aka binne kakan kakansa shekara 300 da suka wuce.

Sai dai tarihin yana da ɗaya fuskar, kuma ba a yi wa mai karatu adalci ba idan aka ɓoye ta. Maƙabarta ta zama hanyar samun kuɗi da kuma sandar horo. Mai hali a binne shi cikin coci kusa da bagadi, talaka a kai shi ramin gayya. An hana wanda ya kashe kansa, da wanda aka kora daga coci, da jaririn da ba a yi wa baftisma ba, shiga keɓaɓɓen fili. 'Yan wasan kwaikwayo ma sun sha wannan hukunci: da shahararren marubucin Faransa Moliere ya mutu a 1673, sai da matarsa ta kai kuka wurin sarki kafin a yarda a binne shi, shi ma da dare. A Naples, a 1762, an gina wa matalauta maƙabarta mai ramuka 366, kowace rana ta shekara da nata, a buɗe da safe a zuba waɗanda suka mutu a rufe. An yi shi da sunan tsafta da tsari, amma mutum ya koma ba suna, kamar zamanin ramukan Rumawa.

A Paris abin ya kai maƙura. Maƙabartar da ake kira ta Innocents, a tsakiyar kasuwa, ta yi ɗaruruwan shekaru tana karɓar gawarwaki har ƙasarta ta tashi sama da titi. A 1780 bangon ɗakin ƙasa na wani gida da ke maƙwabtaka ya rufta saboda nauyin ramin gayya. Hukuma ta rufe wurin, daga baya aka kwashe ƙasusuwan da dare zuwa tsofaffin ramukan haƙar dutse na ƙarƙashin birnin. Ranar 12 ga Yuni na 1804 Napoliyon ya fitar da dokar da ta hana binnewa a cikin coci da cikin gari, ta ce kowane mamaci a ba shi kabarinsa shi kaɗai, kuma kada a sake buɗe shi sai bayan shekara biyar. Ragamar maƙabartu ta koma hannun magajin gari. A 1881 aka soke rarraba su bisa addini. Wannan ne dalilin da ya sa har yau Musulmin da ke zaune a Faransa, ciki har da 'yan ƙasashenmu, sai sun nemi alfarmar magajin gari ya ware musu sashe a maƙabartar gari, ko kuma a yi karo-karo a kawo gawa gida.

Inda 'yan Katolika suka zama marasa rinjaye

A wasu ƙasashen kuwa su ne aka tsangwama. A Ireland, ƙarƙashin mulkin Ingila, 'yan Katolika ba su da maƙabartar kansu a Dublin, sai a filayen cocin gwamnati suke binne mamatansu. A 1823 wani ma'aikacin irin wannan coci ya tsawata wa fada don ya yi addu'a a bakin kabari. Abin ya tayar da ƙura, lauya kuma ɗan siyasa Daniel O'Connell ya ja gaba har aka buɗe maƙabartar Glasnevin a 1832. Abin lura shi ne sharaɗin da aka kafa ta a kai: a binne mai kowane addini da marar addini, kowa da irin addu'arsa. Wanda ya ɗanɗani ɗacin korar gawa bai so ya kori ta wani ba. Yau mutum kusan miliyan ɗaya da rabi ke kwance a can, da yawansu matalauta ne da ba su da dutse a kansu, amma sunayensu na cikin rajista.

A Amurka ma baƙin haure 'yan Katolika sun tarar da buƙatar filin kansu. Maƙabartar Calvary ta birnin New York, wadda aka fara binnewa a cikinta a 1848, tana ɗauke da kimanin mutum miliyan uku. A irin waɗannan ƙasashe ne maƙabartar Katolika ta zama ma'aikata mai ofis da ma'aikata. Tana sayar da gurbin kabari tun mutum na da rai, tana da gine-ginen ajiye akwatuna a jikin bango, tana ware wani kaso na kuɗin a asusun kula da wurin har bayan dangi sun ƙare, tana riƙe taswira da rajista, tana da sashen jarirai, kuma tana binne wanda ba shi da hali kyauta ko da rangwame.

Yadda abin yake a yau

Jana'izar Katolika, bisa tsarin da aka sabunta a 1969, zango uku ce. Na farko zaman addu'a a gida ko a coci kafin ranar binnewa. Na biyu babbar ibadarsu da ake kira Mas, inda ake yayyafa wa akwati ruwa don tuna baftismar mamacin, a kewaya shi da turaren wuta don girmama jikin. Na uku a bakin kabari, inda fada ko malamin coci ke sa wa ramin albarka a sauke gawa. Jinkirin kwanaki ko makonni da muke gani ba farillar addinin ba ne. Ɗakin sanyi na asibiti da jiran dangi na nesa da al'adun ƙabilu ne suka kawo shi, kuma bishop-bishop da dama a Afirka ta Yamma sun sha yin kira a rage jinkiri da kashe kuɗi a makoki.

Kundin dokokin coci na 1983 ya ce inda hali ya yi coci ta mallaki maƙabartarta, ko ta sami sashe a ta gari, in kuma babu, a sa wa kowane kabari albarka shi kaɗai. Ya ce kada a nuna fifiko tsakanin mutane a jana'iza, kada kuma a hana matalauci jana'izar da ta dace saboda kuɗi. Wannan kundi bai sa wanda ya kashe kansa cikin waɗanda ake hana wa jana'iza ba, kuma ya ba da damar a yi wa jaririn da iyayensa suka yi niyyar yi masa baftisma. Ƙona gawa, wanda aka haramta a 1886 lokacin da masu adawa da coci a Turai suka mayar da shi tutarsu, an halatta shi a 1963, muddin ba don musun tashin matattu aka zaɓe shi ba, ko da yake binnewa aka fi so. A 2016 fadar Batikan ta ƙara bayani cewa tokar ma a maƙabarta ko wani keɓaɓɓen wuri za a ajiye ta, kada a watsa ta a iska ko ruwa, kada a mayar da ita abin ado. Hujjar da aka bayar ita ce ta Agustin: mamacin da ba shi da wuri, da ƙarni ɗaya ya wuce an manta da shi.

A wannan yanki namu

Tarihin Katolika na zamani a Afirka ta Yamma shi ma da kaburbura ya fara. Bishop Marion Bresillac, wanda ya kafa ƙungiyar mishan ta Afirka a Lyon a 1856, ya sauka Freetown a watan Mayu na 1859, kafin ƙarshen Yuni zazzaɓin shawara ya kashe shi da kusan duk abokan tafiyarsa. 'Yan ƙungiyarsa ne suka isa Ouidah ta Benin a 1861, da Elmina ta Ghana a 1880, da Shendam ta Nijeriya a 1907, su ne kuma suka buɗe mishan a Yamai a 1931. A garuruwan da Musulmi suka fi yawa, jama'ar cocin ta ƙunshi 'yan ƙasa da kuma baƙi da yawa: malaman makaranta, kafintoci, ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa daga ƙasashen gaɓar teku. Idan ɗayansu ya mutu, kai gawa gida ya fi ƙarfin yawancin iyalai. Ɗan filin da ke bayan gari mai gicciye a ƙofarsa shi ne abin da ya tsaya tsakanin baƙon nan da rashin makwanci. Aikin da aka ɗora wa Kalistus ke nan, bai canza ba.

Ga sauran amsar mai sauraronmu. Suna da maƙabarta daban ne domin a wurinsu fili ne keɓaɓɓe na addu'a, kamar yadda Musulmi ke son a kwantar da nasu a tsakanin 'yan uwansu ana fuskantar alƙibla. Kuma mai karatu zai ga cewa abubuwan da suka sa aka kafa ta, wato kada a wulaƙanta jiki, kada talauci ya hana mutum sutura, kada a bar gawar baƙo a yashe, ba baƙi ba ne a kunnen Bahaushe.

Abin da ya rage shi ne namu. Garuruwanmu suna faɗaɗa, maƙabartun da iyayenmu suka sani a bayan gari yau gidaje sun kewaye su. Katanga ta faɗi, ruwan damina yana zaizaye kaburbura, dabbobi suna ratsawa, masu neman fuloti suna ci daga gefe. Wannan bai bar ta Musulmi ba, bai bar ta Kirista ba. Mahaƙan da ke aikin, yawancinsu tsofaffi ne da ke rayuwa da abin da masu makoki suka miƙa musu, kuma a wurare da yawa ilimin wane ne ke kwance a ina yana cikin kansu ne kawai. Paris ta jira sai da bango ya rufta kafin ta motsa. Abubuwan da suka tsare maƙabartun da suka daɗe ba su da wuyar lissafi: takardar mallakar fili, katanga, rajista, albashin mai gadi, da asusun binne wanda ba shi da kowa. Duk unguwar da ke iya haɗa kuɗin biki tana iya haɗa na waɗannan. Mutuwa rigar kowa ce, kuma takardar sanarwar kowannenmu tana nan tafe gidan rediyo.